Jirgin da Babu Ƙarfe

Abrafi ta durƙusa a gefen jirgin tana ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana, alhali rabonta da shiga jirgin ruwa tun tana 'yar makaranta. Mai jirgin, wani ƙato cikin rigar ƙwallo, yana tsaye a kanta yana ta zuba. Injinsa sabo ne, rumfarsa ba ta yoyo, ko makon jiya ya kwashi mawaƙan wata coci har tsakiyar tafki ya dawo da su ko gefen zanen mutum ɗaya bai jiƙe ba. Ita dai ta ci gaba da ƙwanƙwasawa. Aibu take nema a jikin jirgin, abin haushi kuma ta rasa.

Mahaifinta ne ya fisshe ta. Agya Ntiamoa yana zaune kan benci a inuwar mangwaro, ƙafafunsa a kumbure cikin silifa, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya nuna bayan jirgin da haɓa.

"Ɗana, wancan abin da ka rataya, da me aka yi shi?"

"Inji ne, Baba."

"Na ga inji ne, ciwona bai kai ido ba tukuna. Da me aka yi shi na ce."

Mai jirgi ya sosa ƙeya ya ce ai yanzu an bar wannan magana, har sarakuna suna shiga. Tsoho ya ce to su shiga, Allah ya kai su lafiya. Daga nan bai ƙara kallon jirgin ba.

Ƙarfe ba ya taɓa ruwan tafkin Bosomtwe. Haka Agya Ntiamoa ya tashi ya tarar, haka kuma ya ƙare ƙuruciyarsa yana su a tafkin, ko ƙugiya bai taɓa jefawa ba, sai taru da gora. Dattijon coci ne, ba ya fashin Lahadi, amma ka ce masa akwai saɓani tsakanin littafin waƙoƙinsa da dokar tafki, sai ya dube ka kamar ka faɗi abin ban tausayi. Abrafi ta san da haka sarai. Shi ya sa ma da suka sauko daga tasin da suka ɗauko a Kuntanase, ta ja shi kai tsaye wurin masu inji na bakin ruwan Abono.

Ta miƙe tana karkaɗe zane, ta yi fuskar wadda aka ɓata wa shiri. Ta ce to ai shi ke nan, sun yi iya ƙoƙarinsu, sai su sayi soyayyar karfasa su ci a nan inuwa, ya kalli ruwa ya more, su kama hanyar Kumasi kafin rana ta yi zafi. Tsoho ya ce garuruwa ne kewaye da tafkin nan, ba Abono kaɗai Allah ya yi ba. Ya dogara sanda ya nufi mota.

Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti yake maganar nan. Likita ya ce zuciya ce, ta gaji, a kula da gishiri, a kula da magani, sauran kuma ya bar shi a tsakanin haƙoransa. Da suka dawo gida tsoho bai tambayi komai ba sai abu ɗaya: a kai shi tafki, a samo jirgi na wuni guda, a kai shi kan tsohon garinsu wanda ruwa ya ci tun yana saurayi. Ko yaron goye a ƙasar Asante ya san ina ran mutum yake fara zuwa idan ya bar jiki. Bosomtwe yake zuwa ya yi bankwana, sannan ya wuce. Abrafi kuwa atamfar makoki take sayarwa a kasuwar Kejetia, baƙa da ja. Ta san fuskar masu zuwa taya zane alhali maras lafiyarsu yana numfashi, ta san yadda suke kauce wa ido. Ba ta son ta zama cikinsu. A ranta ta riga ta yanke cewa muddin tsohon nan bai hau ruwan ba, yana da sauran abin jira, mai abin jira kuwa ba ya saurin tafiya. Tsoro take ji, tsoro tsantsa, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa. Ƙanenta Boakye ya bugo daga Italiya ya ce ta yi wa Baba duk abin da yake so. Daga Italiya ai komai mai sauƙi ne.

Tasi ta yi ta rangaji da su a hanyar da ta bi gindin dutse, ta ratsa gonakin koko, har wani ƙauyen masunta. A nan babu inji, babu rumfa. Katakan padua ne a jere a bakin ruwa, dogayen falankai masu kauri da ake hawa kamar jaki, ƙafafu cikin ruwa, a yi tuƙi da ɓarin ƙwarya a kowane hannu. Masu gyaran taru suka gane tsoho tun kafin ya gama fitowa daga mota. Aka yi ta gaisuwa, aka kawo kujera, aka tambayi na Kumasi, aka lissafa masa waɗanda suka riga mu. Wani mai furfura a gemu, wanda ya ce a hannun Agya Ntiamoa ya koyi jefa taru, ya janyo katakonsa mafi faɗi ya ce ga shi, ya hau har dare, maganar haya ma kada a fara ta.

Wannan karon Abrafi ba ta sha wahalar neman dalili ba. Ta ce mutumin da banɗaki ma sai an riƙe shi, shi ne zai hau falanki? In ya sulale fa? Ta ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, har matan da ke ƙyafe kifi suka waiwayo.

Tsoho ya miƙe. Ya cire silifa, ya miƙa wa mai gemu sandarsa, ya taka cikin ruwa zuwa idon sawu. Ya dafa katakon da hannu biyu, ya ɗaga ƙafar dama. Ƙafar ta tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ta tsaya. Ya sake gwadawa, wuyansa ya yi jijiya, numfashinsa yana fita da ƙara. Ƙafar da ta yi shekaru tana haye katako ba tare da ya ko tuna da ita ba, yau ta ƙi. Masunta suka sunkuyar da kai kowa ya sami abin yi a tarunsa. Ya ɗan tsaya yana kallon ƙafar, sannan ya ce a ba shi sandarsa.

Ta yi nasara ke nan, amma ba ta ji daɗinta ba ko kaɗan. A mota ta durƙusa tana goge masa ƙafa da gefen zanenta, ta kasa ɗaga ido. Da ta ce wa direba ya juya, tsoho ya ce a'a, mai gemu ya faɗa masa akwai wata mata a gaba kaɗan, tana da masaukin baƙi, tana ba da hayar wasu ƙananan jirage na roba irin waɗanda Turawa ke so. A je a gani.

Matar sunanta Konadu, gajera, kakkaura, da zane ɗaure a ƙugu da wuƙar yankan albasa a hannu. Ta fito daga madafa tana share hannu, ta rusuna wa tsoho, ta kai su ƙarƙashin wata rumfar kaba inda jiragen ke kife, ja da rawaya da shuɗi, kamar robobin wanka na 'yan gayu. Ta ce kayak ake ce musu. Akwai na mutum ɗaya, akwai na biyu, na biyun nan kuwa faɗi gare shi, ko da gangan mutum ya so kifar da shi sai ya yi gumi.

Abrafi ta shiga aikinta. Ta ce wannan ya ƙuje a ciki. Konadu ta ce ƙujewa ce ba huda ba, ta sa hannu ta ji. Ta ce babu abin jingina baya. Konadu ta shiga ɗaki ta fito da matashi biyu. Ta ce rana. Aka kawo malafa. Ta ce in iska ta taso fa? Konadu ta dubi saman duwatsu ta ce yau ba ta da niyya, kuma ita da kanta za ta bi su a baya cikin wani jirgin, ga rigunan da ke hana nutsewa. Duk ƙofar da Abrafi ta buɗe sai matar nan ta rufe ta cikin fara'a, har Abrafi ta ji ta tsane ta, ita da haƙoranta masu wushirya.

Shi kuwa tsoho yana ta zagaya jirgin rawaya yana shafa shi kamar mai taya akuya. Ya ce magabata ba su ce komai a kan roba ba, don ba su san ta ba, abin da ba a hana ba kuwa ba shi ne zai hana ba. Sai ya ɗaga filafilin tuƙi ya ƙwanƙwasa sandar filafilin a jikin gini, ta yi ƙarar ƙarfe. Ya ajiye ta gefe. Ya bi jirgin da yatsa har ya gano wasu ƙananan kusoshi da suka riƙe maɗaukai a gaba da baya. Zuciyar Abrafi ta yi sanyi, ta ce a ranta madalla da kusa.

Konadu ta dube shi, ta dubi kusoshin. Ta ce kakanta ma haka yake, har ya mutu bai yarda an wanke tukunyar ƙarfe a bakin ruwa ba. Ta tsuguna ta sa tsinin wuƙar albasa ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihun zane, ta toshe ramukan da ɗanyen ƙaro. Maimakon filafili ta kawo farantan roba huɗu daga madafa, irin waɗanda masunta ke tuƙi da su yanzu da ƙwarya ta yi wuya.

Tsoho ya cire agogo, ya cire alamar coci da ke maƙale a rigarsa, ya ajiye sanda saboda ƙarfen da ke bakinta. Ya juyo kan 'yarsa. 'Yan kunne, mabuɗan shago, waya, fil ɗin ɗankwali, duk ta zube su a faranti tana jan lokaci. Da komai ya ƙare ta tsaya tana lalube a ranta, sai ta tuna.

"Baba, ai ni ba zan iya shiga ba. Akwai ƙarfe a haƙorina, likita ya sa mini bara."

"Sai ki rufe bakinki har mu dawo. Ruwa ma ya gode, ni ma na gode."

Konadu ta tuntsire da dariya har da dafa gini, ta ce bari ta je ta sauke tukunya. Aka bar su su biyu a rumfa. Tsoho ya zauna a kan jirgin shuɗi da ke kife, ya ɗan huta har numfashinsa ya daidaita.

"Abrafi, tun safe nake kallonki. Ke ba jirgi kike nema ba."

Ta buɗe baki za ta musa, sai hawaye ya riga ta. Ta juya masa baya, mace mai jikoki tana kuka kamar an ƙwace mata alewa.

"In na kai ka ka yi bankwana, me ya rage? Ka ce mini me ya rage. Ni zan tuƙa ka da hannuna in kai ka, in dawo in buɗe shago in yanka wa kaina baƙin zane?"

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce, a hankali, kamar yana gyara wa yaro lissafi:

"Ke da kike sayar da kayan makoki, kin taɓa jin wanda ya zo bankwana ya tsaya neman hayar jirgi? Ranar da zan zo wancan zuwan ba na bukatar ke, ba na bukatar roba, ƙafar nan ma ba za ta hana ni ba. Yau da raina na zo. Share fuskarki, matar nan tana dawowa."

Ba wai maganar ta kwantar mata da hankali ba ne. Abin da dai ta gane shi ne ba ta da sauran wurin ɓuya. Ta ɗauki rigar ruwa ta sa masa da kanta, ta ja igiyoyin ta ɗaure tamau har ya ce ai ba buhun gawayi ba ne.

Su biyu da Konadu suka zaunar da shi a gaba, matashi a bayansa, malafa a kai. Abrafi ta zauna a baya, faranti a kowane hannu. Farkon tuƙin abin kunya ne. Jirgin ya yi ta juyi a wuri ɗaya, tsoho yana faɗa ba tare da ya waiwayo ba: hannu biyu tare, kada ta mari ruwa, ba shi ya yi mata laifi ba, ta ja shi baya kawai. Can sai kafaɗunta suka tuna abin da ya koya mata a hutun makaranta, lokacin da uwarta ke turo ta nan da 'yar jakar kaya. Jirgi ya miƙe. Shi ma ya saka nasa farantan yana taɓa ruwa kaɗan-kaɗan, ba don yana ƙara komai ba. Ta ga bayan wuyansa ya saki, irin sakin da ba ta gani ba tun kafin asibiti.

Ruwan ɗumi gare shi, kore, shiru. Duwatsu sun kewaye su ta ko'ina. Konadu tana can baya, ta ba su tazara. Suka wuce masunta biyu a kan katakansu, suka ɗaga wa tsoho faranti, ya ɗaga musu. Suka shiga wani wuri da busassun kututturan itatuwa suka leƙo daga ruwa, farare, tsuntsaye a kansu. Hannuwan Abrafi suka fara zafi, amma ta ci gaba da tuƙi.

Ya sa ta yi dama, ta yi hagu, ta ɗan koma baya, har ta fara zargin ko ya manta ne yana jin nauyin faɗa. Sai ya ɗaga hannu ta tsaya. Ya ce ta dubi gabanta: wancan babban kututturen mai reshe biyu, ta daidaita shi da tsagin da ke tsakanin duwatsu biyu can sama. Ta daidaita. Ya ce yanzu ta dubi hannun hagu, ta sa rufin cocin ƙauyen can ya ɓuya a bayan itacen rimi. Da rufin ya ɓuya, to an zo.

Ta leƙa ƙasa. Babu komai sai koren ruwa da inuwar fuskarta.

Ya ce nan ƙarƙashinsu tsakar gidan uwarsa ne. Ga murhu ta nan, ga inda ake shanya taru, ga ɗakin da aka haife shi. Bayan ɗakin kuma uwarsa ce kwance a kabarinta, don ta rasu kafin ruwa ya iso, da aka tashi komawa tudu ba a ɗauke ta ba. Duk shekarun da yake su, in ya biyo ta nan sai ya tsaya ya gaishe ta. Waɗanda suka san wurin duk sun tafi, saura shi. 'Ya'yan 'yar'uwarsa, waɗanda su ne jinin gidan, su ne magadansa, don a Asante ta wajen uwa ake bin jini, suna Accra, ko sunan garin ba su iya faɗa daidai ba.

"Na sani ke ta dangin uwarki ce, ba ki da nauyin gidan nan a kanki. Roƙo nake, ba umarni ba. Ba na son ta zama ba wanda ya san inda take."

Ya saka hannu cikin ruwa har wuyan hannu, ya bar shi a ciki. Ya kira sunan uwarsa, Adutwumwaa, yadda ake kiran mutumin da ke ɗaki na kusa. Ya ce mata shi ne, ya daɗe bai zo ba, ƙafa ce ta hana. Ya ce ga Abrafi ya kawo mata, wadda take jin labarinta, ita ce ke dafa masa abinci babu gishiri. Abrafi ta ajiye faranti a cinya, ita ma ta saka hannunta. Ba ta san me ake cewa ba, sai ta ce, "Kaka, ina wuni," ta ji kunya.

Suka zauna haka, jirgi yana ɗan lilo. Da iska ta gusar da su kaɗan, tsoho ya ce ta rufe ido, ya juya jirgin da farantinsa, sannan ya ce ta buɗe ta mai da su wurin ita kaɗai, ya gani.

Ta buɗe ido. Ga kututture mai reshe biyu, ga tsagin dutse, ga rimi, ga rufin coci yana ƙyalli. Duk sun zauna mata a kai daram, ko a mafarki aka tashe ta za ta kawo mutum nan. Ga macen da ta haddace zanen atamfa iri ɗari, wannan ba komai ba ne. Tuƙi kaɗan ya rage ta sa rufin ya ɓuya. Ta dubi bayan tsohon, ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo rigar ruwa, yana jira a sauke masa kayan da ya daɗe yana ɗauke da su. Ta san in ta kai su, ya sauke ke nan.

Ta tuƙa su dama, wajen wani kututture daban, ta tsaya.

"Nan ne?"

"Ba nan ba ne."

Ta sake tuƙawa, ta wuce wurin da nisa.

"Baba, ni fa itatuwan nan duk iri ɗaya nake ganinsu. Ban riƙe ba. Sai dai mu sake dawowa ka ƙara nuna mini."

Tsoho ya ajiye farantansa a cinya. Bai waiwayo ba, amma ta ga kafaɗunsa suna ɗan girgiza, ta kasa gane ko dariya ce ko wani abin. Ya ɗebo ruwa ya wanke fuska.

"Ashe haka kanki ya toshe. To, wannan aiki ba na rana ɗaya ba ne." Ya gyara malafa, ya ɗauki farantansa. "In mun fita ki ce wa matar nan kada ta mai da kusoshin nan tukuna."